Daga Lamunin Mai Gida Zuwa Takardar Kaziye

Sarautar Maraɗi, in mutum ya bi salsalarta da natsuwa, sarauta ce ta mutanen da aka fitar daga gidajen iyayensu, suka yi ta gararamba har Allah ya haɗa su da masu karɓarsu. A shekarar 1807 birnin Katsina ya faɗa hannun jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, 'ya'yan tsohuwar sarauta suka fita ta arewa, suka bi ta Ɗankama, suka fake a Damagaram, kuma sai wajen 1819 Ɗan Kasawa, ɗaya daga cikinsu, ya sami mazauni a kwarin Gulbi, bayan mutanen wurin sun buɗe masa ƙofa. Gobirawa kuwa, tun da aka ci Alƙalawa a 1808 ba su sake samun tsayayyen birni ba, har bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda suka kwanta dama a fage ɗaya, sa'an nan Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri, tafiyar hantsi kaɗai daga Maraɗi. A bakin Sakkwato waɗannan mutane 'yan tawaye ne, alhali a bakin talakawansu su ne Sarkin Katsina da Sarkin Gobir na haƙiƙa. Garin da aka gina bisa wannan asali ya fi kowane gari cancantar ya tsaya ya dubi mas'alar da ke damun 'ya'yansa a yau, wato yadda ƙaramin laifi, wanda aka yi hukuncinsa aka gama, yake bin mutum in ya fita bida wata ƙasa, har ya riga shi isa.

A zamanin Sarkin Maraɗi Ɗan Baskore, tsakiyar ƙarni na 19, abin da ke tsakanin Maraɗi da Katsina ƙungurmin daji ne, wanda yaƙin shekaru ya kore wa mutane. Wanda bashi ya yi masa katutu, ko ya fasa kan wani wurin dambe, ko ya saɓa da hakiminsa, in ya yi ƙuru ya ratsa dajin nan da rai, to ya shiga ƙarƙashin wani sarki dabam, wanda ba ya ga maciji da wancan, balle ya mayar masa da mutum. Sarakunan wancan lokaci kuwa jama'a suke nema, domin ƙasa tana da yawa, hannun noma da na riƙon baka ne suka yi ƙaranci. Saboda haka baƙo yakan sami fili a Jiratawa ko Madarumfa ko wani ƙauyen bakin Gulbi, ya sare daji, ya yi aure, bayan damina biyar a manta da abin da ya kawo shi. Takardar shaidarsa tana kan fuskarsa: tsagar Bagobiri, wadda ta tashi daga gefen baki ta nufi kunne, tana faɗin ƙasarsu da danginsa tun bai buɗe baki ba, amma ba ta faɗin abin da ya aikata bara.

Inda al'amarin ya fi tsari shi ne wajen fatake, kuma a nan ya kamata a daɗe. Ayarin da ke zuwa Gwanja sayen goro, ko wanda ke gangarawa Kurmi da dabbobi da kanwa, yana da madugu, yana da jagaba, kuma duk zangon da ya sauka akwai mai gida, wanda wasu ke kira fatoma, mai saukar da baƙi, mai ajiye musu kaya da kuɗi, mai tsaya musu in za a ba su bashi. Wannan tsari ya rayu har bayan zuwan mota da jirgin ƙasa, a Sabo ta Ibadan, da zangon Kumasi, da Nima ta Ankara, da unguwannin Hausawa na Abijan. Saurayi ya sauka daga mota da ƙunshin kayansa, a kai shi zauren mai gida, ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Dattijo ya dube shi, ya ce, "Yaro, daga ina?" Ya ce, "Daga Tsibiri, Baba." "Ɗan gidan wa?" Ya faɗi sunan ubansa da unguwarsu. Sai dattijo ya aika a kira wani Bagobiri da ya daɗe a garin, a tambaye shi a gefe, ba a gaban yaron ba. In wancan ya ce ya san gidan, gidan mutunci ne, sai dai yaron ya taɓa yin ɗan hannu a kasuwa tun yana ƙarami, aka yi masa bulala ya daina, to mai gida ba ya korarsa. Yakan ba shi tabarma a zaure, ya sa shi dako ko tsaron shago, ya hana shi riƙon kuɗi shekara guda, yana lura. Ranar da ya miƙa masa mabuɗin sito, a ranar tsohon laifi ya mutu.

Abin lura a nan shi ne labarin laifin ya isa zango, ba a ɓoye shi ba, amma ya iso a bakin mutum, tare da sababinsa, da shekarun mai shi lokacin da ya aikata, da abin da ya biyo baya. Kuma wanda ya ji labarin yana da ikon ya auna, ya jarraba, ya sake ra'ayi. Lamuni ke nan: mutum ya ɗora nasa mutunci a kan na wani, in yaron ya ci amana shi zai biya.

Wannan al'ada ba daga sama ta faɗo ba, tana da tushe a cikin fiƙihun da malamanmu suka karanta a zaure, daga Risala ta Ibn Abi Zaid zuwa Mukhtasar na Halilu da Tuhfa ta Ibn Asim. Malaman Malikiyya sun rarrabe tsakanin kabira da sagira, da tsakanin haddi, wanda Shari'a ta ƙayyade, da ta'aziri, wanda aka bar wa ijtihadin alƙali. Sun yi dogon bayani a kan adalar mai shaida, da yadda alƙali zai nemi tazkiyya, wato ya tambayi amintattu a ɓoye da bayyane game da halin mutum a yanzu. Har wanda aka tsayar wa haddi, in ya tuba tubarsa ta yi kyau, sun ce a karɓi shaidarsa, sai fa a cikin irin abin da aka yi masa haddin a kansa. Dubi wannan adalci: ba a ce a manta ɗungum ba, domin an kiyaye haƙƙin jama'a a wurin da ake tsoron rauninsa, ba a kuma rufe masa sauran ƙofofi ba. Ga kuma kwaɗaitarwa a kan suturta aibin Musulmi, wadda ta sa tona tsohon laifin wanda ya shiryu ya zama abin kunya ga mai tonawa.

Ba ina nufin zamanin da aljanna ne ba. Wanda ba shi da dangi sananne ba shi da mai lamuni, bawa ba shi da bakin magana, tsegumi yakan kashe mutum da ransa, kuma ɓarawon da ya shahara hukuncinsa a hannun sarakuna ba mai sauƙi ba ne. Abin da nake nufi kawai, ƙaramin laifi yana da iyaka ta wuri da ta lokaci.

Sai Turawa suka zo. Faransa da Ingila suka yi ta ja-in-ja a kan takarda, a 1898 da 1904 da 1906, har aka kafa turakun iyaka tsakanin 1906 da 1908, ƙasar Katsina ɗaya ta rabu biyu, Maraɗi ta zama Faransa, Jibiya ta zama Ingilishi. A ɓangarenmu aka shimfiɗa dokar nan ta andijena, wadda ta ba kwamandan iko ya ɗaure talaka ba tare da shari'a ba, a farkonta har kwana 15, ya kuma ci shi tara har faran 100, a kan abubuwa irin su jinkirin biyan lanho, ko ƙin fita aikin dole, ko barin yanki ba izini, ko abin da shi kwamandan ya ga raini ne. A ƙarƙashin wannan doka shiga kaso ya daina zama alamar mugun hali, tunda limami da mai gari da manomi duk suna iya kwana a can. Jama'a kuma suka riƙe tsohon maganinsu, wato ƙaura. In lanho ya yi tsanani, ko aka zo ɗibar samari, sai a wayi gari ƙauye ya ragu, mutane sun tsallaka Ingilishi wurin 'yan'uwa, in ƙura ta lafa su komo. Ba a soke andijena ba sai ƙarshen 1945 da farkon 1946, a shekarar da aka soke aikin dole a watan Afrilu, lokacin da Maraɗi kanta take tasowa daga kwari zuwa tudu bayan ambaliyar 1945.

A nan ne wani abu ya faru wanda ba a cika ambatonsa ba. A wannan shekara ta 1946 aka soke kotunan 'yan ƙasa a fannin laifuffuka, aka mayar da kowa ƙarƙashin dokar laifi ta Faransa. Tare da 'yancin da aka samu, sai rajista ta shigo sosai. Asalin wannan rajista, wadda muke kira kaziye, dabara ce ta wani alƙalin Faransa, Bonneville de Marsangy, aka fara aiki da ita a can a 1850. Hikimarta ita ce, ko'ina aka yanke wa mutum hukunci, sai a rubuta ɗan kati a aika kotun da ke da iko da mahaifarsa, domin mutum yana iya sake gari, amma ba ya iya sake inda aka binne cibiyarsa. Da Nijar ta sami mulkin kai a 1960, ta yi dokar laifuffuka da ta tsarin shari'arsu a 1961, ta riƙe wannan tsari yadda yake. Saboda haka ɗan Jiratawa da aka ɗaure wata uku a Agadas ko Yamai, katinsa gida yake komowa ya jira shi.

Kaziye kashi uku ne. Na farko, mai ɗauke da kome, na alƙalai ne. Na biyu na wasu ma'aikatun hukuma. Na uku, wanda ya fi taƙaituwa, shi ake ba mutum a hannunsa, kuma galibin abin da ke fitowa a cikinsa hukuncin ɗauri ne. Shi ne wanda ake nema wurin jarrabawar shiga aikin gwamnati ko aikin soja, da wurin neman izinin zama a ƙasashe da yawa, kuma ba a karɓarsa in ya wuce wata uku. Wanda ya taɓa zuwa farfajiyar kotu da safe ya ga masu nemansa: samari riƙe da takardar haihuwa a cikin leda, sun sayi tambur, suna jira a inuwa ba mai yi wa wani magana. In aka miƙo takardar, idon kowa wuri ɗaya yake zuwa, tsakiyar shafi, inda magatakarda ke nuna babu kome. Wanda ya ga haka sai ya ninke ta a hankali ya sa aljihun gaba. Wanda ya ga layi biyu na rubutu kuwa, kwanan wata da sunan laifi da adadin watanni, yakan daɗe a tsaye, domin ya san layukan nan ba za su faɗa wa kowa cewa shekararsa goma sha tara a lokacin ba, ko cewa ya biya mai kaya, sun yafi juna a zauren mai unguwa.

Shekaru da yawa wannan takarda ba ta dami talaka ba, don kuwa ɗan cin rani ba ya neman biza. Kano da Legas da Kumasi a wurinsa gida ne. Sai duniya ta fara ƙuntata. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su fita, mutanen Nijar da suka tsufa a zango suka komo da abin da hannu ya iya ɗauka. A 1979 ƙasashen Afirka ta Yamma suka sa hannu a kan yarjejeniyar walwalar jama'a, mai ba ɗan yankin kwana 90 ba biza, amma wannan bai hana Nijeriya korar baƙi kimanin miliyan biyu a farkon 1983 ba, bai kuma hana rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986 ba, a daidai lokacin da fari ya ci ƙasar nan. (Kafin wannan ma, tun da aka haramta jam'iyyar Sawaba a 1959, akwai mutanen wannan yanki da suka san ɗacin a rubuta sunan mutum a littafin hukuma, suka yi shekaru a Kano da Gana ba halin komowa.) Daga nan aka sami sabon nau'in laifi wanda kakanninmu ba su san shi ba: mutum bai ɗauki kayan kowa ba, bai zubar da jinin kowa ba, laifinsa kawai yana zaune a inda takardarsa ba ta kai ba.

Haƙiƙa in aka tantance laifuffukan da ke ɓata wa samarin wannan yanki takarda, za a tarar da yawansu iyaka ce ta haife su. Arzikin Maraɗi, kowa ya sani, a kan iyaka ya ginu: gyaɗa da farko, sa'an nan fataucin da ya bunƙasa lokacin yaƙin basasar Nijeriya daga 1967 zuwa 1970, da fiton taba da atamfa da shinkafa, da man fetur mai gangarowa daga kudu. Kasuwar Litinin da Jumma'a ta Maraɗi da kasuwar Lahadi ta Jibiya numfashi ɗaya suke yi. Amma idan hukuma ta tashi kama fasa-ƙwauri, wanda ake samu a kan hanyar Ɗan Isa da jarkoki shida a bayan babur, ɗan ruwa-ruwa ne ko ɗan kabu-kabu, wanda ladan tafiyarsa bai wuce cefanen kwana biyu ba. Mai kayan yana da hanyar sulhu da duwan, ya biya tara a rufe magana. Yaron da ba shi da abin biya shi ke isa gaban alƙali. Haka kuma dokar 2015 mai hana safarar baƙin haure ta mayar da sana'ar direbobin hanyar Agadas laifi a dare ɗaya, aka ɗaure wasu, aka ƙwace motoci, sa'an nan a watan Nuwamba na 2023 aka soke ta. Aikin bai sake ba, doka ce ta juya sau biyu a cikin shekara takwas, kuma mutane ne suka biya kuɗin juyawarta da shekarunsu.

Mataki na ƙarshe shi ne zanen yatsa. A zamanin da alhazai ke tafiya Makka a ƙasa, ta Fort-Lamy da El Fasher da El Obeid zuwa bakin Bahar Maliya, suna noma a hanya shekara da shekaru, wanda ya so ya zauna a Sudan ko Hijaz ya zauna, jama'ar Takari ta haɗiye shi. Ko a baya-bayan nan, wanda aka koro daga Jidda yakan sake suna da fasfo ya koma. Yanzu na'ura tana riƙe da yatsunsa goma. Wanda ya wuce wa'adin Umra, ko aka kama shi yana aiki ba izini, aka tiso ƙeyarsa, akwai hani a kansa na shekaru, ga wasu ma har abada, kuma abin baƙin ciki hanin yakan shafi ibadarsa. Aljeriya tana maido 'yan Nijar cikin manyan motoci tun daga ƙarshen 2014. Ƙasashen Turai na Shengen suna ɗaukar zanen yatsa wurin neman biza, suna kuma raba labarin wanda aka kora a tsakaninsu, da hanin shiga da ke iya kai shekara biyar. Takardar neman bizar Amurka tana tambayar mutum ko an taɓa kama shi ko hukunta shi, ko da an yi masa afuwa. Dokar Amurka tana sassauci ga ƙaramin laifi guda ɗaya in hukuncinsa bai wuce wata shida ba, amma ba ta sassauci irin wannan ga abin da ya shafi ƙwaya. Wannan ya kamata iyaye su ji shi da kyau, a zamanin da ake kama yara da tiramol a aljihu. Ingila tana ƙin wanda aka ɗaure wata 12 ko fiye. Kanada kuwa, a cikin tsananinta, ta bar ƙofa: bayan shekara biyar da gama hukunci mutum yana iya neman a ɗauke shi a matsayin wanda ya gyaru.

Ba na musun haƙƙin kowace ƙasa ta san wanda ke shigo mata, kuma mai gidan zango ma tambaya yake yi. Abin da ke ci mini rai shi ne an riƙe rabin tsohuwar hikima an yar da rabi: an riƙe bincike, an ƙarfafa shi har ya fi ƙarfin mantuwa, an bar tazkiyya, wadda ita ce ke duban mutum yadda yake a yau. Nauyin wannan kuwa a kan wanda ba shi da lauya yake sauka.

Amma dokarmu ba ta rasa magani ɗungum ba, jahiltarsa aka yi. A cikin tsarin shari'ar laifuffuka akwai babin mayar da mutunci, wanda ta hanyarsa hukunci ke fita daga takardar da ake ba mutum, ko dai da kansa bayan wasu shekaru in bai sake laifi ba, ko ta hanyar roƙon kotu, wadda za ta binciki zamansa da halinsa a unguwa kafin ta yanke. Wannan bincike ɗan'uwan tazkiyya ne na kusa. Sai dai manomin zogale a fadamar Jiratawa, wanda ya yi wata huɗu a kaso shekara goma da suka wuce, ba wanda ya taɓa gaya masa akwai wannan babi. Ya kamata a riƙa faɗa wa kowane fursuna wannan da Hausa ranar da za a sallame shi, a ba shi kofin hukuncinsa a hannu, domin ofishin jakadanci yakan nemi ganin ainihin abin da alƙali ya rubuta, kuma sau da yawa abin da ke ciki ya fi abin da ake zato sauƙi. Ya kamata kuma malamai masu wa'azi da sarakunan zango su riƙa gargaɗin masu fita a kan ƙarya wurin cika takarda, don a dokokin ƙasashe da dama ɓoye ƙaramin laifi ya fi laifin kansa tsananin hukunci. Buƙatar ta ƙaru tun daga 29 ga Janairu 2025, ranar da ficewar Nijar daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta tabbata: ƙungiyar ta ce 'yan Nijar za su ci gaba da shiga da fita ba biza har sai an sake shawara, kuma wannan shawara ba a hannun mutanen Maraɗi take ba.